"Sai an yi mata fomat": wa aka taɓa gaya wa haka, kuma me aka tarar daga baya?

Malamin sakandare, Pantami:

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, shawara nake nema wajen waɗanda abin ya taɓa faruwa da su. Ina da laftof ta hannu da na saya shekara uku ke nan, Core i5, ram ɗinta 4GB, Windows 10 ke kanta. Tun da hunturun bana ya kama ta fara nauyi. In na kunna ta bayan sallar asuba, sai na gama shan koko kafin ta bari in taɓa komai. Fankarta tana ƙugi kamar injin markaɗe, ƙasanta kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Sau biyu tana ɗaukewa da kanta ina tsakiyar shigar da makin ɗalibai.

Jiya na kai ta wurin wani mai gyara. Ko noti ɗaya bai kwance ba, ya kunna ya duba minti biyu ya ce bairos ne, sai an yi mata fomat, wato a goge komai a ɗora sabon Windows. To a cikinta akwai sakamakon zango biyu na azuzuwa uku, da tambayoyin jarabawa da na yi shekaru ina tarawa, da hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, waɗanda ba ni da su a ko'ina sai nan. Na ce masa ya dakata, na ɗauko kayana na dawo gida. Duk wanda aka taɓa ce wa "sai fomat", don Allah ya gaya mana yadda ta kaya, da abin da aka gano shi ne ainihin ciwon.

Maman biyu, Tumfure:

Wa alaikumus salam. Amin, Allah ya jiƙan Mama. Malam, gara da ka ɗauko ta. Ni na yarda aka yi mini, kuma har yau abin yana ci mini rai. Yaron ya ce kada in damu, zai kwashe mini komai kafin ya goge. Ashe abin da ke kan fuskar kwamfutar kaɗai ya kwashe, wato Desktop. Abin da ke cikin Documents da Downloads duk ya tafi. Ina sayar da atamfa da leshi a gida, kuma lissafin masu bashina na wata takwas yana cikin fayil ɗaya na Excel. Haka na riƙa bin mata gida-gida ina tambayar kowace nawa ne a kanta. Masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya, wasu kuwa sai a lahira. Hotunan sunan 'yan biyuna ma a nan suka salwanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba a yi sati uku ba nauyin ya dawo kamar ba a taɓa ta ba. Daga baya ƙanin maigidana ya ce da na daina amfani da ita tun ranar, da akwai manhajoji irin su Recuva da kan iya tono wasu fayilolin, amma tunda an ɗora sabon Windows na kuma ci gaba da aiki a kai, sabo ya hau kan tsoho. Don haka Malam, yau ɗin nan ka kwashe kayanka da hannunka. In ka gama, ka buɗe su ɗaya-ɗaya daga inda ka zuba su ka tabbata suna buɗewa. Kada ka wakilta kowa.

Ɗalibi, Kashere:

Malam, da izininka, ga abin da ya same ni a zangon da nake rubuta furojek. Tawa ma ram 4GB ce, kuma sai da aka yi mata fomat sau biyu a banza. Wani abokina ne ya nuna mini in danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. A nan za ka ga layuka: CPU, Memory, Disk. Nawa Disk ɗin ya tsaya cak a 100% alhali ban buɗe komai ba. In na kara kunne kusa da kibod sai in ji wani ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana taɓa agogon bango. Muka sa wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo, ta nuna rawaya da kalmar "Caution". Faifan ajiyar ne yake mutuwa a hankali. Irin tsohon nan ne mai juyawa sau 5400 a minti ɗaya, da allura a kansa, kuma laftof ɗin da ke yawo a jaka a bayan mashin kullum tana shan jijjiga, ba ya daɗewa.

Na sa sabon nau'in faifan ajiya, wato SSD, mai 256GB. Shi ba abin da ke juyawa a cikinsa, kuma saurin karatunsa ya ninka na tsohon kusan sau biyar. Kwamfutar da ke cin minti shida kafin ta tashi ta koma ƙasa da rabin minti. Fomat ba ya warkar da faifan da ya gaji, sai ma ya ƙara wahalar da shi.

Wani abu kuma, a Windows 10 in ka danna Shut down ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana adana wani ɓangare don ta tashi da wuri. Restart ne ke wanke mata kai. Ka gwada shi, sannan a Task Manager ɗin ka shiga Startup ka kashe tarkacen da ke tashi tare da ita.

Mai shagon buga takardu, Jekadafari:

Ƙanena na Kashere ya yi magana mai kyau, amma Malam ya ambaci abu biyu da bai kamata a tsallake ba: zafi da ɗaukewa. Wannan ƙura ce, ko shakka ba na yi. Kwamfuta huɗu gare ni a shago, bakin titi muke, kuma duk shekara in hazo ya sauka sai na buɗe su.

Ranar da na fara buɗe tawa laftof ɗin na sha mamaki. Tsakanin fanka da ƙananan haƙoran ƙarfen nan da iska ke bi ta fita, ƙura ta dunƙule ta zama kamar audugar tsohuwar katifa, ja-ja irin ƙasar Gombe, har da zare-zaren bargo. Na sa tsinken sakace na ɗago ta, ta fito a haɗe guda ɗaya, tsawon ɗan yatsa. Fankar tana ta juyawa amma iskar ba ta da hanya. To ita kwakwalwar kwamfuta in zafi ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, shi ne nauyin da kake gani. In ya ƙi sauka ta kashe kanta. Ba lalacewa ba ce, kare kanta take yi.

In za a hure ta da bulowa, a danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. A kuma goge busasshen man nan mai ruwan toka da ke kan kwakwalwar a shafa sabo, ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. Sannan a daina ɗora ta kan katifa ko filo ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Ko faranti ne a kifa a ɗora ta a kai. Yanzu ma da sauƙi, bari Maris da Afrilu su zo.

Game da kwashe kaya da Hajiya ta ce, a kula da filashin da za a yi amfani da shi. Kullum sai an kawo mini filashi da fayilolinsa suka koma 'yan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya, mai shi yana kuka an goge masa aiki. Ba a goge ba, ɓoye su bairos ɗin ya yi. Kada a danna ko ɗaya. A bari Windows Security ya bincike filashin, sannan a buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin filashin E ne. Sai kayan su bayyana. Malam, ka nemi sabo ko wanda bai yi yawon shaguna ba.

Ma'aikaciyar jinya, Federal Low Cost:

Nawa daban ne amma maganar ɗaya ce. Na zo sabunta rajistar aiki, kowane shafi na buɗe a Chrome sai ya ƙi, ya fito da jan gargaɗi. Data na nan, waya na buɗe komai. Aka ce bairos ne, a yi fomat. Ɗana ne ya lura agogon kwamfutar yana nuna wata shekara can baya. Ashe akwai ɗan batir mai kama da sulalla a cikinta, CR2032, shi ke riƙe kwanan wata in ba wuta. Nawa ya ƙare, babban batirin ma ya daɗe da mutuwa, don haka duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma baya. Shafukan kuma suna da takardar shaida mai ranar farawa da ta ƙarewa, in agogonka bai dace ba burauza ba za ta yarda da su ba. Muka gyara ranar, muka zaɓi lokacin West Central Africa, nan take komai ya buɗe. Batirin kuwa kuɗinsa bai kai na katin waya ba.

Baba mai ritaya, Bolari:

Ni jikoki ne suka jawo mini. Saƙo ya riƙa tsalle a kusurwar dama yana cewa an kama bairos biyar, in danna in biya. Hankalina ya tashi ƙwarai don ta nan nake duba fansho. 'Yar maƙwabcina ta zo ta nuna mini ba daga kwamfutar yake ba, wani shafin kallon ƙwallo ne yaran suka danna wa "Allow". Ta shiga saitin Chrome wajen Notifications ta cire shafuka bakwai da ban san su ba. Shiru kake ji tun daga ranar. Allah ya yi mata albarka.

Mai gyara, kusa da babbar kasuwa:

Iyayena da yayyena, ni sana'ata ke nan, shekara goma sha ɗaya, kuma ba zan ce ba a yin abin da kuka faɗa ba. Ana yi. Amma ku ji ta ɓangarenmu. Mutum zai zo da azahar ya ce la'asar yake so, kuma in ka ce masa bincike ma aiki ne da ake biya sai ya ga kamar cuta ce. Fomat awa ɗaya ne, ga shi kwamfuta takan ɗan yi sauƙi na kwana biyu, shi ya sa yara masu koyo suka mayar da shi maganin kowace cuta. Ban ce daidai ba ne.

Akwai inda fomat ɗin ne mafita: in Windows ya ƙi tashi sam bayan an gwada gyara shi, ko an cika ta da manhajojin sata har bairos ya yi jijiya. Ko a nan ma akwai Reset this PC, da zaɓin Keep my files, wanda ke barin fayiloli ya cire manhajoji. Duk da haka ni ba na taɓawa sai mai ita ya kwashe kayansa a gabana. Kuma ku tambayi kanku ko faifan a kulle yake da BitLocker. In a kulle yake, akwai mabuɗi mai lamba 48 da yawanci ke cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita ta. Na ga wanda ya rasa komai saboda asusun na tsohon mai ita ne a Turai. Ku duba tun tana lafiya ku rubuta a takarda.

Abin da na fi tararwa a masu ram 4GB shi ne maganin bairos biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, kowanne yana jan nasa. Wanda ya zo da Windows ya wadatar. A cire sauran, in da hali a ƙara ram ya kai 8GB.

Sai magana ta ƙarshe, Malam. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta da aka saba, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma yana son wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, kuma in kwakwalwarta ta Intel ce, sai samfurin ƙarni na takwas zuwa sama. Ka duba lambar da ke bayan i5 ɗin: in 8250U ce, ta takwas ce, in 4300U ce, ta huɗu ce. Ka faɗa mini lambar in gaya maka matsayinka.

Maman biyu, Tumfure:

Ƙanena, na ji bayaninka kuma na gode. Amma da wanda ya yi mini ya ce "Hajiya, zauna ki nuna mini inda kayanki suke", da minti biyar ya ishe mu. Shi ke nan abin da nake nema.

Malamin sakandare, Pantami:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda aka yi. Daren jiya na sayi sabon filashi na fara da hotunan Mama, sannan sakamakon ɗalibai, na kuma tura su Google Drive tunda akwai 15GB kyauta. Na ɗora laftof ɗin kan faranti, na kunna mata fankar ɗaki, ba ta ɗauke ba har na gama. Hotuna huɗu sun ƙi kwafuwa, in an zo kansu sai ta tsaya tana wannan ƙas-ƙas ɗin da ɗalibinmu ya kwatanta. Ɗaya daga ciki na ranar da ta dawo daga Hajji ne. Na aika wa ƙanwata a Kumo ko tana da shi a tsohuwar wayarta.

Da safe na kai ta wurin wani mai gyaran, na tsaya a kansa ya buɗe. Ƙurar da ya ciro sai da ya tara ta a tafin hannu ya nuna mini. Ya sa sabon mai, ƙugin ya tafi, ƙasanta ɗumi kawai. Manhajar duba faifai kuwa rawaya ta nuna, don haka in albashi ya shigo SSD zan saya, kafin nan ba zan ajiye wani sabon abu a kanta ba. Mai gyara na kasuwa, lambar tawa 6200U ce. Me ka gani?