Lambobin fili a Ikorodu sun ƙi zama a kan taswira

Mai tambaya: Assalamu alaikum, manyanmu. Ina aiki a ƙarƙashin wani safiyo a Agege, kuma maigidan nawa ya tafi gida ta'aziyya, ya bar mini aikin wani fili a Ikorodu wanda mai shi ya saya tun yana sayar da albasa a Mile 12, yanzu kuma 'ya'yansa suna matsa masa a yanka musu. Ɗan kwangilar da ya fara aikin ya ba mu fayil ɗin zanen filin na manhajar zane ta AutoCAD, amma lambobin gabas suna farawa daga dubu shida, na arewa kuma daga dubu ɗaya. Da na zuba su a manhajar taswira ta QGIS a shiyya ta 31 ta UTM (tsarin da ke raba duniya shiyya-shiyya ya ba kowane wuri lambar gabas da ta arewa a mita), sai filin ya faɗa cikin teku, kudu da Ghana. Na ƙara 550,000 a gabas da 730,000 a arewa, filin ya dawo Ikorodu, sai dai ya goce da fiye da mita ɗari, har kusurwa ɗaya ta hau rufin maƙwabci. Shin in ja zanen da hannu ya zauna a kan katangar da hoton tauraron ɗan'adam ya nuna?

Tsohon safiyo, Ikeja: Yaro, kada ka ja komai da hannu. An yanke lambobin farko ne domin su yi sauƙin shigarwa a na'urar awo, kuma ka mayar da su daidai. Gocewar da ta rage ta datum ce, wato tushen da ake auna lambobin wuri daga kansa. Aikin filaye a Legas a kan datum na Minna ake yin sa, wanda aka gina a kan siffar duniya ta Clarke 1880, shi kuwa hoton da kake kallo a kan datum na WGS84 yake, wanda GPS ke aiki da shi. Ka sa wa zanen lambar tsarin taswira EPSG 26331 ta Minna a maimakon 32631 ta WGS84, magana ta ƙare.

Injiniya, Apapa: Baba, da izininka, ban ga ta ƙare ba. Babu wanda ya tabbatar cewa abin da aka cire cikakkiyar lamba ce mai sifilai. Wasu suna cire lambar wata alamar siminti ne, sannan su daidaita tazara zuwa ta ƙasa. Ma'aunin UTM a kan layin tsakiya na digiri 3 shi ne 0.9996, wato kusan santimita arba'in a kowace kilomita, kuma idan an taɓa wannan, sauya datum ba zai warkar da shi ba. Sai mai tambaya ya koma filin da GPS na awo, ya hau alamomi uku da aka san lambobinsu, ya kwatanta.

Mai tambaya: Injiniya, na gode, amma na'urar tana kulle a ofis, kuma mai filin bai biya kuɗin komawa ba. Na riga na duba da wayata a bakin katangar, ta yi daidai da hoton, shi ya sa nake ganin jan zanen ba laifi ba ne.

Wata mai zane, Yaba: Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. 'Yan kwangila suna miƙa fayil babu ko layi ɗaya da ke faɗin abin da aka cire, idan kuma takarda ta dawo daga ofisoshin gwamnatin jihar Legas da ke Alausa, mu masu zane ake zargi. Akwai wanda har yau yake riƙe da kuɗina saboda irin wannan.

Tsohon safiyo, Ikeja: Wayarka WGS84 take karantawa, dole ta yarda da hoton. Na ce maka Minna ce. Tun kafin a haifi wasunku muke wannan aikin, kuma ba a taɓa sa hatimi a kan zanen da aka ja da linzamin kwamfuta ba.

Injiniya, Apapa: Ɗan'uwa, lambobin da ke jikin alamomin simintin sun dace da na tsohuwar takardar filin kuwa? Ba ka faɗa mana ba.

Mai tambaya: Tsohuwar takardar tana wurin lauyan mai filin. Na sauya zuwa 26331 kamar yadda Baba ya ce, kusurwoyi uku sun matso kusa da katangar, amma ta huɗu har yanzu tana cikin kwatar maƙwabci da kusan mita biyu. Maigida ba ya ɗaukar waya, kuma ranar Litinin suke son zanen.