In ka canza fankishin, edita ya bi sauran da kansa ko ya tambaye ka?

Na Kaura: Jama'a, ni dai ra'ayina, in na ƙara faramita (abin da ake miƙa wa fankishin) a layin da na ayyana fankishin (guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki), edita (manhajar rubuta kod) ya bi duk inda aka kira shi ya gyara, ba sai ya tambaye ni ba. Mi ne amfanin ya ƙarasa mani suna, sannan ya bar ni da jan layin kuskure ko'ina?

'Yar Gusau: Ya gyara da me, ƙanena? A ce lissafa(kudi) ya koma lissafa(kudi, haraji). Wane haraji zai sa a wuraren kiran? Sifili? Sai kod ya tashi lafiya lau, lissafin mutane kuwa ya lalace babu wanda ya sani. Gara mani jan layin.

Na Kaura: To ko canza suna kawai, Yaya.

Malam: Wannan ai akwai shi: maɓallin F2 a editan VS Code, Shift+F6 a editan IntelliJ. Na canza faramita kuma Ctrl+F6 ne a IntelliJ, Alt+Shift+C a Eclipse, kuma dukansu sai ka faɗi abin da za a cike gurbin da shi. Kai ne ka kira su, ba su suka yi gaban kansu ba. Kana tsakiyar rubutu, edita bai san ko gyaran tsoho kake yi ko sabo kake ginawa ba, balle a Java da fankishin biyu kan ɗauki suna ɗaya.

Ɗan Mafara: Allah shi gafarta Malam, ni wanga ba shi ya dame ni ba. In na ƙara faramita, na koma wurin kira na karɓi shawarar edita, wani lokaci sai ya bar mani guntun tsohon suna manne a baya.

Malam: A IntelliJ, Enter sakawa yake yi, Tab ne ke maye gurbi. A VS Code ka nemi editor.suggest.insertMode ka mai da shi replace.

'Yar Gusau: Masu Python kuma kar su saki jiki. Sunan da aka kira ta getattr (fankishin da ake ba shi sunan cikin alamar zance) rubutu ne zalla, F2 ba ya ganinsa.

Na Kaura: Na ji ta Python. Amma a Java edita ya san kowane kira. Ko tambaya ce, ya fara yi mani ita da kansa, ba sai na haddace maɓallai ba.

Malam: IntelliJ na yin haka tun 2020. Ka duba gefen layin da ka canza, akwai 'yar alamar da ke fitowa.