Neman shawara: bindigata ta daina riƙe saiti tun da damina ta zauna

Manomin Kuru:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata matsala ce ta dame ni, kuma na san a nan akwai waɗanda suka riga ni a harkar nesa ba kusa ba. Ina da doguwar bindiga ƙirar Brno, mai cin ƙaramin harsashin nan .22, da lasisinta. Ba don komai nake riƙe da ita ba sai don gyazbi da kurege da ke yi mini ɓarna a gonar masara da dankali a bayan Kuru. A da idan na kafa kwali a mita 50, na ɗora ta a kan buhun yashi, duk harbin ba ya wuce faɗin akwatin ashana. Tun da ruwa ya zauna a watan Yuli abin ya canza. Yanzu tafin hannu ma ba ya rufe hujojin, wannan ya yi sama, wancan ya yi dama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne makon jiya na auna kafaɗar gyazbi, harsashin ya same shi a cinya, ya shige ciyawa yana jan ƙafa, na neme shi har magariba ban gan shi ba. Ni ba na son in azabtar da dabba.

Kuma ba ƙazanta ba ce, don duk dawowa sai na goge ta. Akwai siririn rodi da wani mai walda ya miƙe mini, nakan naɗa masa tsumma, in tsoma a baƙin mai, in zura ta baki in yi ta kai da komowa. Daga nan in toshe bakin da ƙyalle saboda zanzaro, in mayar da ita cikin gidanta na fata, in jingine a bayan ƙofa. Shekaranjiya na ɗaga ta ga haske sai na hango wani ja-ja a ciki, kusa da baki. Don Allah bututun ya mutu ne, ko akwai sauran dabara?

Ɗan Bukur:
Wa alaikumussalam. Kafin a je nesa, harsashin da kake harbawa yanzu shi ne dai na da? .22 tana da zaɓe ƙwarai, wata bindigar ta so wannan kamfani ta ƙi wancan. Kuma in kwalin harsashin ya sha laima, harbin ma yakan watse.

Manomin Kuru:
Kamfani ɗaya ne yayana, kuma a cikin gwangwani mai marfi yake.

Tsohon Sajan:
Ɗana, sannu da ƙoƙari. Niyyarka mai kyau ce, amma gugar nan da kake yi ita ce ke cin bindigar. Ka ajiye rodin nan yau, kada ya ƙara shiga cikinta.

Ka san cikin bututun ba sumul yake ba. Akwai tsagogi da suka murɗe tun daga baya har baki, su ne ke kama harsashi su juya shi. A .22 yakan yi zagaye ɗaya a kowane inci 16, sai ya fita yana juyi kamar katantanwar yara, juyin nan shi ke hana shi karkacewa a iska. To wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne leɓen bakin, inda harsashi ke rabuwa da ƙarfe. Dole gindinsa ya bar bututun ta kowane gefe a lokaci guda. Idan gefe ɗaya ya cinye ko ya lotsa, iskar albarushi za ta riga fita ta nan, ta ture gindin harsashin tun bai yi nisa ba. Ƙanƙanin turi a baki, kafin mita 50 ya zama tafin hannu. Kai kuwa rodin gini kake gogawa a daidai wannan wurin, da tsumma mai yashi a jikinsa.

Lokacin da muke aiki ba a ba mu sanda ba, igiya aka ba mu mai ɗan ƙarfe a kai, da ƙyallen falanel inci 4 da inci 2. A jefa ƙarfen ta baya ya faɗo ta baki, a ja sau ɗaya. Igiyar ma in aka ga kana janta a karkace tana gogar gefen baki sai ka sha faɗa, don ita ma tana cin ƙarfe a hankali. Ka yi tunanin igiya ke nan, balle rodi.

Ga yadda za ka yi. Da farko ka cire gidan harsashi, ka buɗe sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya rufe bayansa, ka duba da ido ka kuma taɓa da yatsa cewa babu komai a ciki, ko da ka rantse kai ka sauke ta. Sai ka zare sakatar gaba ɗaya. Ka samo igiyar kamun kifi mai kauri, ka yi mata hanci a ƙarshe, ka yanka farin ƙyallen auduga ɗan ƙarami, don bututun Brno matsattse ne, in ka cika ƙyalle zai maƙale. Ka jiƙa shi da man bindiga in kana da shi, in babu to ɗan kananzir, ka ja daga baya zuwa baki, a miƙe. Ƙyallen da ya fito ka yar da shi, kada ya koma. Ka bar jiƙon ya ɗan zauna, sannan ka bi da busassu har su riƙa fitowa da haske. A ƙarshe ɗigon mai a sabon ƙyalle, ja ɗaya, shi ke nan.

Baƙin mai kuma ka bar wa masu shafa wa katako saboda gara. Mai ne da ya gama aiki a inji, cike yake da garin ƙarfe da baƙin hayaƙi da tsami. Man keken ɗinki ya fi shi sau dubu. Manja da man gyaɗa su ma a'a, suna daskarewa su yi danƙo.

Mafaraucin Toro:
Mu dai tun kakanninmu ruwan zafi da sabulu muke ɗura wa bindiga, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ya tafasa ruwa ya wanke ta kawai.

Tsohon Sajan:
Malam, gaskiyarka a kan taka. Bindigar toka baƙin albarushi take ci, tokarsa tana da gishiri da ƙibiritu masu jan laima, in ba ruwa ba babu mai narkar da su, kuma in ta kwana ba a wanke ba da safe ka ga tsatsa. Tsofaffin harsasan .303 ma haka suke, shi ya sa ake zuba wa bututunsu tafasasshen ruwa. Amma harsashin .22 na yanzu ba ya barin wannan gishirin. Ruwa ba zai ƙara masa komai ba sai laima a lungunan da ba zai iya busarwa ba.

Kafintan Dilimi:
Baba Sajan ya gama magana a kan ƙarfe, ni a kan itace zan ce wani abu, don shi na sani. Ka lura ya ce a watan Yuli abin ya fara. Yuli da Agusta su ne tsakiyar ruwan Jos, lokacin da ƙofofin katako ke ƙin rufuwa a gidajen mutane. Ƙotar bindiga ma itace ce, tana shan laima ta kumbura, hunturu ya zo ta bushe ta motse. In ta kumbura ta gefe ɗaya sai ta danne bututun, in ta motse sukurorin da suka haɗa ƙarfe da katako su yi sako-sako. Ka riƙe bututun da hannu ɗaya, ƙotar da ɗaya, ka gwada murɗawa a hankali. In ka ji motsi ko kaɗan ne, ga ɓarawonka nan. Ka kuma zura takardar Naira tsakanin bututu da katako ka ga ko za ta wuce har baya.

Mai Harbin Kwali, Abuja:
Yallaɓai Kafinta, shawarar sukuru daidai ce, amma gwajin takardar nan ba zai yi a tasa ba. Tsofaffin Brno akwai wani sukuru a gaban ƙota da ya ɗaure bututun kansa da katako, haka aka ƙera su, takarda ba za ta wuce wurin ba. Kada ya ga ta tsaya ya ɗauko sanfefa ya hau kankare itace. Sukurun nan na gaba ma shi zai fara dubawa, don yadda aka ɗaure shi yana canza inda harsashi ke faɗawa. Ya ɗaure da sukurudireban da ya cika bakinsa, ya tsaya da zarar ya kama, ba sai ya sa ƙarfinsa duka ba. Sannan ya taɓa saitin baya da na gaba, wani lokacin su ne ke rawa.

Abu na biyu, kuma na san wasu ba za su so shi ba: .22 ba ta son yawan wanki. Harsashinta dalma ce mai laushi da aka shafa wa kaki, ba ya gudun da zai bar jan ƙarfe a bututu irin na manyan bindigogi. Kakin nan yana shimfiɗuwa a ciki, kuma sai ya shimfiɗu bindigar ke nutsuwa. Mu da muke harbin kwali mun san bayan wanki sosai harbin farko ba abin dogaro ba ne, wata bindigar sai ta ci harsashi 10 zuwa 20 kafin ta dawo hayyacinta. Shi kuwa kullum da bututu cike da mai yake fita, ke nan harbinsa na farko, wanda shi ne na gyazbi, shi ne mafi muni. Mai a cikin bututu na ajiya ne. Kafin fita a ja busasshen ƙyalle a kwashe shi.

Inda datti ke taruwa da gaske a .22 shi ne daidai gaban mazaunin harsashi, wani baƙin zobe mai tauri yakan fito a wurin. In ka ji sakata tana ƙin rufuwa da sauƙi, ko harsashin da ka fitar ba ka harba ba ya fito da ƙarzuwa a kansa, shi ne. A jiƙa wurin a bar shi ya yi laushi, a juya ɗan burushin tagulla ko na roba a nan kaɗai. Ruwan wankin nan mai warin amoniya da wasu ke sayowa na cire jan ƙarfe ne, ba ka buƙatarsa.

Tsohon Sajan:
Na yarda da yaron nan na Abuja, sai dai ya tuna shi a ɗaki mai rufi yake harbi. Wanda ya yini a gona ruwa ya taɓa bindigarsa, ko raɓar asuba, dole ya busar ya shafa mai a ranar, ko da zai ɓata harsashi biyar gobe.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ba mafarauciya ba ce, maigidana ne ke yi, amma bayan ƙofar nan da ka ambata ya tsaya mini a rai. Ƙanena, akwai yara a gidan? Ka nemi akwati ko kabad mai kwaɗo, bindiga daban, harsashi daban, mabuɗi a jikinka. Tsummokaran gugar ma kada a bar su inda yaro zai ɗauka, akwai dalma a jikinsu, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa a tuwo. Gidan fatar kuwa ni na ga abin da ya yi wa tamu. Damina ɗaya ta yi a ciki, da aka zaro ta duk inda fatar ta kwanta ya yi ja, har da furfurar laima a kan ƙotar. Yanzu tsirara take a kabad, bakinta a ƙasa a kan ɗan katako don kada mai ya gangara cikin itace, na kuma tara masa 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi masu shan danshi. Zanzaro bai taɓa shiga kabad a rufe ba.

Kafintan Dilimi:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙyallen da yake toshe baki da shi ma laima yake riƙewa, shi ya sa jan ya fito a daidai wurin. Kuma ranar da ya manta bai cire ba ya harba, bututu na iya kumbura ko ya tsage. Kowace fita a leƙa ta baya a ga haske tukuna.

Manomin Kuru:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Hajiya, akwai yara uku, kuma na karɓi maganarki, yau ɗin nan na sa kwaɗo a kabad. Na bi abin da kuka ce. Sukurun gaba kusan da yatsa na juya shi, na ɗaure. Na ja ƙyalle ta baya, na farko ya fito baƙi ƙirin da ɗan ja, daga baya suka yi haske. Da na gwada a kwali, bayan ta ɗan ci harsashi, hujojin sun matso sosai, amma ba su kai na da ba, kuma nakan samu ɗaya da ke ficewa gefe. Baba Sajan, yaya zan gane ko bakin ne ya lalace?

Tsohon Sajan:
Madalla. Ka sauke ta, ka zare sakata, ka fita da ita rana. Ka fara duba fuskar bakin kafin ka goge: hayaƙi yakan zana ɗan tauraro a kewayen ramin, reshe ɗaya ga kowace tsaga. In rassan sun yi daidai da juna, bakin lafiya yake. In wani gefe ya fi baƙi ko ya fi tsawo, ta nan iska ke tserewa. Sannan ka ɗauki auduga ka zagaya leɓen a hankali, duk inda ta kama zare akwai ƙarzuwa. In ka ari gilashin masu gyaran waya za ka gani da idonka.

In ya tabbata, ba mutuwa ba ce, ana gyarawa. Akan yanke ɗan kaɗan a sake fitar da leɓen a kan injin juya ƙarfe. Ƙananan ramukan tsatsa a tsakiyar bututu kuwa sau da yawa .22 takan yi harbi mai kyau da su, kada su hana ka barci.

Shugaban zaure:
Ƙari a kan maganar Baba: gyaran nan ba na mai walda ba ne, ba kuma na maƙerin unguwa ba. Dokar makamai ta 1959 ba ta yarda kowa ya gyara bindiga ba sai wanda ke da izinin hukuma. Ka ɗauki lasisinka ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha a Jos, sashen da ke kula da lasisin bindiga, ka tambaye su inda aka amince a kai. Kafin nan kada ka ɗaga ta a kan dabba a nisan da ba ka tabbatar da shi a kwali ba. In a mita 25 take riƙe akwatin ashana, to ka tsaya a 25.