Daga Kano zuwa Jidda: awa nawa ake yi a cikin jirgi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Zan raka mahaifiyata Umara, kuma tana fama da ciwon gwiwa wanda ba ya barin ta ta daɗe a zaune. Tikitinmu ya nuna za mu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da ƙarfe 10 na dare, mu sauka Jidda da ƙarfe 5 na asuba, alhali kuwa na sha jin cewa tafiyar ba ta wuce awa biyar. Mene ne ainihin nisan, kuma ina ragowar awa biyun ta shiga?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Nisan Kano da Jidda a miƙe kimanin kilomita 3,400 ne, jirgin fasinja kuma yana cin wajen kilomita 850 a awa ɗaya idan ya daidaita a sama, saboda haka idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan kama awa huɗu da rabi zuwa biyar. Abin da ya rikita ka shi ne agogo, domin Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma a tikiti kowane lokaci da agogon garinsa ake rubuta shi. Ƙarfe 5 na asuba a Jidda ƙarfe 3 na dare ne a Kano.

Hajiya Mairo: Lissafin Malam daidai ne, amma ya danganta da hanyar da jirgin zai bi. Hanyar da aka saba ita ce ta Chadi da Sudan, sannan a tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, mu da muka je aikin Hajjin shekarar sai da muka yi wajen awa bakwai saboda kewaye, har ƙafafuna suka kumbura, takalmin da na cire ya ƙi shiga. Ɗana, ka nema wa Hajiya kujerar bakin hanya, domin ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, kuma tun a Kano ka nemi a tanadar mata keken guragu, saboda tafiyar ƙafa a filin jirgin Sarki Abdul'aziz ba kaɗan ba ce.

Alhaji Sani: Ka kuma tabbatar jirgin ba ya yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, domin jiran canjin jirgi kaɗai yana iya fin tafiyar kanta tsawo. Idan Makka za ku fara zuwa, ka ɗaura haraminka tun a Kano, tunda a sama za ku wuce miƙati kafin ku sauka.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Na sake duba tikitin, babu zango, kuma gobe zan je wurin wakilin tafiyar kan maganar kujera da keken.