Riƙon gaisuwa ko riƙon biro: yaya kuke kama bat ɗinku a wasan tanis na tebur?

Daga Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren Alhamis mun kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a bayan gari ni da abokan aiki, sai muka tarar da teburin tanis a ciki. Ni da nake ji da kaina tun ƙuruciya a Kano, wani dattijo ɗan Indunusiya ya lallasa ni wasa uku a jere, ko gumi bai yi ba. Bat ɗinsa a rataye tsakanin babban yatsa da manuniya kamar mai riƙe biro, sauran yatsun uku a naɗe a baya. Ni riƙon gaisuwa kaɗai na sani, ka kama ƙotar tamkar kana musabaha da ita. Tun ranar abin ke ci min rai. In sauya riƙo ne, ko hannuna ne da sauran gyara?

Daga Shari' Mansur, Makka

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ramin da kake leƙawa na taɓa faɗawa. Wata takwas na yi ina riƙon biro. Gaskiya sabis ɗina, wato bugun fara wasa, ya yi kyau, don wuyan hannu yana sakewa, ka murɗa ƙwallo yadda ka ga dama, kuma gajerun ƙwallayen bakin raga sun zama abincina. To amma fuska ɗaya ta bat ɗin nake bugu da ita, irin na mutanen da. Duk wanda ya gane ni sai ya dinga aiko min doguwa ta hagu, ni kuma ba abin da nake iyawa sai tokarewa. In ina son kai hari dole in zagaye ƙwallon da gudu. Ryu Seung-min na Koriya ta Kudu da wannan salon ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atina a 2004, amma je ka kalli ƙafafunsa, kamar ba ya taka ƙasa. Ni mai shekara arba'in da tumbin shinkafar kabsa ina zan iya? Yatsana na tsakiya har kanta ya yi saboda dannar bayan katako. Na koma gidan jiya ba kunya.

Daga wani ɗalibi a Madina

Yaya na Makka, a gafarce ni, tsohon yayi ka koya shi ya sa. 'Yan Sin sun daɗe da toshe wannan ɓarakar. Suna manna roba a bayan bat ɗin su buga bayan hannu da ita ba tare da sun sauya riƙo ba. Liu Guoliang na cikin waɗanda suka fara fito da shi, Wang Hao kuma ya mai da shi makami har ya kai wasan ƙarshe na Olamfik sau uku, 2004 da 2008 da 2012, ko da yake duka azurfa ya samu. Ba sai ɗan Asiya ba ma: Félix Lebrun na Faransa da riƙon biro ya ɗauki tagulla a Paris a 2024 yana ɗan shekara 17.

Wani abokin ɗakina ɗan Malesiya ne ya koya min. Abu biyu zan faɗa wa mai son gwadawa. Kada ka yi da bat mai doguwar ƙota, nemi mai gajeruwa da aka yi domin wannan riƙon. Sannan ka sa sanfefa ka goge kafaɗar katakon inda yatsu ke zama, in ba haka ba zai yanke ka. Roba biyu na ƙara nauyi, makon farko wuyan hannuna ko littafi ba ya son ɗagawa.

Daga wani direba a Riyad

Ni dai ina zargin ba riƙon ne ya kayar da kai ba, damƙa ce. Shekaru na yi ina kama bat kamar mai saran itace da gatari, yatsu biyar duk a kan ƙota, jijiyoyi a miƙe. Wani Bafilifine da muke wasa a masaukinmu ya kama hannuna ya gyara: manuniya ta kwanta a gindin robar baya, babban yatsa ya ɗan jingina ta gaba, sauran ukun su riƙe sako-sako. Ya ce in ya fizgi bat ɗin ya kamata ya fita daga hannuna, sai lokacin da ƙwallo ta taɓa roba zan matse. Rannan na fara jin ƙwallo a yatsuna.

Da aka yi gasar Saudi Smash a Jidda a watan Mayun 2024, wadda Wang Chuqin ya lashe a ɓangaren maza, na baro Riyad takanas na je kallo. Hannuwa na zuba wa ido. Masu riƙon gaisuwa da yawa in za su yi sabis sai su saki ƙotar, su maƙale bat da babban yatsa da manuniya kawai, suna bugawa su mai da riƙonsu. Wato daɗin da riƙon biro ke da shi a sabis suna aronsa na daƙiƙa guda. Kuma ka tuna Ma Long da Fan Zhendong da namu Aruna Quadri, wanda ya kai zagayen 'yan takwas a Olamfik ta Rio a 2016, duk gaisuwa suke yi. Raunin riƙonmu ɗaya ne sananne, ƙwallon da ta nufo gwiwar hannunka, kafin ka yanke shawarar bugun gaban hannu ko na bayan hannu ta wuce.

Daga wani dattijo a Jarwal, Makka

Yara, ni ban san sunayen nan ba. Babban yatsa a gefe ɗaya na katakon, manuniya a ɗaya gefen, fuska guda nake tare hagu da dama, ina juya hannu kamar mai goge gilashin mota. Samari na yi min dariya, har jikana ya duba waya ya ce wai salon wani Ba'amurke ne, Seemiller. Doka dai ba ta ce ga yadda za a riƙe ba.

Daga Jidda

Baba na Jarwal, Allah ya ƙara lafiya, wata rana sai mun zo ganin gogar gilashin nan. Na gode muku duka. Jiya mun sake haɗuwa da dattijon. Ban sauya riƙo ba, na dai sassauta damƙa kamar yadda Malam na Riyad ya ce, na kuma lura bayan bat ɗinsa katako ne tsirara, babu roba. Sai na bi shawarar da ke cikin kukan na Makka, na dinga tura masa dogaye ta hagu. Na ci wasa ɗaya, ya ci biyu, na ƙarshen 11 da 9. Da muka tashi ya karɓi bat ɗina ya jujjuya, ya danna robar da yatsa, ya ce ta mutu tun bara.