Tsohon Yamaha 40 yana jijjiga kwale-kwale, ga gurnani daga ƙasa: ta ina zan fara?

Ɗan Zamare:

Assalamu alaikum. Masu gyaran injin ruwa da ke zauren nan, ku taimaka mini da shawara. Yamaha 40 Enduro ne, mai silinda biyu, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ya haura shekara goma yana aiki a kwale-kwalen katako mai fito tsakanin Zamare da Rofiya. In yana firi, wato ba a sa giya ba, lafiya lau. Da an sa giyar gaba aka kai rabin totur, sai hannun tuƙi ya kama rawa har katakon baya yana amsawa. In an yi lodi kuma akwai gurnani daga ƙasa, wani lokaci a ji "ƙwas" sau ɗaya kamar an daki kututture, alhali ba a taɓa komai ba. Wani ya ce in kai a buɗe inji a canja fistin da ringi. Kafin in zuba wannan kuɗin, me ya kamata in duba?

Bakaniken Yelwa:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka bari a kwance maka inji tukuna. Inji lafiya a firi, rawa sai an sa giya: wannan daga farfela ake farawa, don ita da sandarta ba sa juyawa sai giya ta shiga.

Kashe inji, zare igiyar kashewa, cire hulunan filogi biyun, sannan ka ɗaga ƙafar injin daga ruwa. Shafa fikafikan farfela ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka datse ruwa a Kainji a 1968 kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suke nan a ƙasa, ga yashi in ruwa ya ja baya, shi ya sa da wuya ka ga farfelar alminiyom a nan yankin da ba ta sha duka ba. Ɓallin da bai fi farcen babban yatsa ba ya isa ya jijjiga jirgi, saboda farfelar tana juyawa sama da sau 2,000 a minti in an ja totur sosai.

Ido yana yaudara, don haka ɗaure guntun waya mai ƙarfi a jikin ƙafar, bakinta ya kusa taɓa ƙarshen fiffike ɗaya. Juya farfela da hannu. Dukan ukun su wuce da tazara iri ɗaya. In ɗaya ya gogi wayar, ɗaya ya yi nisa, to ta lanƙwashe.

Daga nan zare fin, kwance noti, cire farfelar, ka lura da yadda washoshin suke jere don kada ka juya su wajen mayarwa. Mayar da bakin wayar kusa da ƙarshen sandar, ka juya. In sandar tana lilo, ita ma ta lanƙwashe, sabuwar farfela ba za ta yi maganin komai ba. Ja ta gefe da gefe kuma: in tana motsi, boris ya ci.

In za ka samu aron farfela mai lamba iri ɗaya da taka wajen abokin fito, ɗaura ta ka zaga sau ɗaya. Wannan gwajin ya fi duk surutunmu.

Malam na Warra:

Oga na Yelwa ya gama da rawar. Ni gurnanin da wannan "ƙwas" ɗin ne suka fi damuna, don su a cikin giya suke.

Da ka cire farfela, leƙa bayanta. Zaren koma da na ƙugiya yana naɗewa a nan, zafi ya narkar da shi ya zama kamar zoben roba, ya yanke sil, robar da ke hana ruwa shiga giya. Daga nan ruwa ya shiga, mai ya fita. Tsayar da injin a miƙe, tara kwano mai tsabta, kwance sukurun man giya na ƙasa, sannan na sama. Mai lafiyayye ruwan zuma ne ko ya ɗan yi duhu. In ya fito fari-fari kamar an dama nono, ruwa ya shiga. In ruwa tsagwaro ya riga man fitowa, an daɗe a haka. Yawanci bakin sukurun ƙasa yana da maganaɗisu: laushin garin ƙarfe kaɗan ba komai, amma in ka murza a yatsa ka ji ɓarɓashi, haƙori ko boris ne ke ci.

Wajen zubawa mutane ke ɓarna. Man giya lamba 90 ake sawa, ba baƙin man mota ba, kuma bai kai rabin lita ba. Ta ramin ƙasa ake tura shi har ya ɓullo ta na sama, a fara toshe na saman, sannan a yi maza a toshe na ƙasa, kowanne da sabon washa. Mai ɗurawa ta sama iska yake tarawa a ciki, ya ɗauka ya cika alhali rabi ne. Ƙa'ida a canja duk awa 100 na aiki. Mai fito kullum ya lissafa, bai wuce 'yan makonni ba.

Shi kuwa "ƙwas" ɗin, akwai wani ƙarfe mai haƙora da ke zamewa a kan sandar farfela ya kama giyar gaba ko ta baya. In bakin haƙoransa ya dakushe, lodi ya yi nauyi, sai ya kuɓuce ya sake kamawa, ka ji kamar duka. Abin da ke cinye shi: sa giya a hankali ana jin "karrr", ko sa ta inji bai sauko silo ba, wato ba a saki totur ba. A silo ake sawa, kuma lokaci guda. Kafin a buɗe, a duba saitin sandar giya, don in ba ta tura ƙarfen har ƙarshe, alamar ɗaya ce kuma gyaran ba ya cin ko sisi na kaya.

Baba Mai Fito:

Ku yara kun manta da abin da injin ke zaune a kai. Kama ƙafar da hannu biyu, girgiza ta hagu da dama, sama da ƙasa. In kan inji yana motsi daban da mariƙinsa, robobin da ke riƙe shi, biyu sama biyu ƙasa, sun mutu. Shekara goma ai sun yi ƙoƙari. Sannan soka sukundireba a katakon baya inda sukurorin matsewa suke cizo. In ya nutse, katakon ya ruɓe, ko ka ɗaure da safe kafin azahar ya saki.

A duba tsayi ma. Faifan nan da ke saman farfela ya yi daidai da gindin jirgi ko ya ɗan yi ƙasa. In ya yi sama, ko an tara buhuna a gaba baya ya ɗaga, farfela iska take sha, inji ya yi ihu jirgi ba ya tafiya.

Injiniya BK:

Allah ya ƙara girma, Baba. Gyara ɗaya zan yi wa Oga na Yelwa: lafiya a firi ba ta wanke kan inji gaba ɗaya ba. Kwayil mai rauni ko filogi mai datti yana ba da wuta in babu nauyi, da lodi ya hau sai silinda ɗaya ta riƙa ɗaukewa, kuma inji mai silinda biyu in ɗaya ta yi shiru, rawa zai yi sosai. Bambancin shi ne wannan yana zuwa da raguwar ƙarfi da tangarɗar murya, ta farfela kuwa muryar inji ba ta canjawa.

Bayan tafiya da lodi, cire filogi biyun ka jera. Ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, daidai. Ɗaya baƙi jiƙe da mai, ba ya ƙonawa. Ɗaya fes kamar an wanke, ruwa na shiga ta gasket. In filogin NGK B7HS ne, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Haɗin fetur da baƙin mai 50 da 1 ne, wato rabin litar baƙin mai a tanki mai lita 25, kuma mai na injin ruwa mai alamar TC-W3. Fetur ɗin 'yan bumburutu in an surka shi da kananzir yana sa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, yana iya huda fistin.

Mai cewa a canja fistin ya fara sa ma'aunin matsi a ramin filogi. In silindar biyu ba su bambanta da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, a bar su.

Ɗan Zamare:

Na gode, Allah ya saka. Na duba yau da safe. Fiffike ɗaya ya kauce wa wayar da kusan faɗin ɗan yatsa, sandar ba ta lilo. Akwai zare a naɗe a baya, man kuma fari ne, da ɗan ɓarɓashi a sukurun. Filogi biyun kalarsu ɗaya. Zan iya zuba sabon mai in lallaɓa zuwa bayan cin kasuwa?

Malam na Warra:

A'a, ƙanena, ba da fasinja ba. Sil ɗin ya riga ya yanke, sabon man zai koma nono cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ɓarɓashin nan yana nufin wani abu ya fara ci. In giya ta ƙwace a tsakiyar kogin Neja da lodi, filafili kaɗai ya rage maka.

Sauke ƙafar ka kai a zare gidan sandar farfela. A canja sil biyun da zoben robar gidan, a duba boris, haƙoran giyar gaba da na ƙarfen nan mai kamawa. In bakinsu ya dakushe, a canja su tare. Sabo a kan tsoho ba ya daɗewa. Tunda ƙafar tana ƙasa, a sa sabuwar robar famfon ruwa, yashin kogin nan ba ya barin ta. Farfelar kuma kada a buga ta da guduma, alminiyom tsagewa yake. Nemi wata mai lambar da ke jikin taka, ka shafa giris a sandar kafin ka sa. Bayan awa goma na aiki, sake kwance sukurun ƙasa ka ga kalar man.