Tambaya a kan kitsonmu na gargajiya: ina doka ta shiga?

Uwar Biyu, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Bikin 'yata yana tafe bayan babbar sallah, kuma ina son a yi mata kitso irin na iyayenmu a ranar kamu. Da na zagaya wuraren kitso daga Taminus zuwa Titin Bauchi, abin da ake nuna mini bai wuce shuku da kalaba da Ghana wibin ba. Shin waɗannan namu ne tun asali, ko aro muka yi? Kuma akwai wadda ta rage a Jos da ta iya doka?

Hajiya Babba, Gangare:
Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya sanya alheri. Doka ba kitson da ake yi a tsaitsaye ba ne. Ana naɗe tsumma ne a yi shi kamar ɗan matashi, a ɗora a tsakiyar kai daga goshi zuwa ƙeya, sannan a tattaro gashi ta kowane gefe a kitse a kansa har ya tashi. Bayan an gama a shafe shi da man shanu, wasu kuma su ƙara da shuni don ya yi baƙi yana ƙyalli. Yakan daɗe ba a tsefe ba, kuma a ganina abin da ya kashe shi ke nan, domin 'yan matan yanzu ba za su jure nauyinsa da warin man idan ya kwana biyu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zaman kitson da muka rasa. A da, maƙwabciya ce ko ƙanwar uwa take shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yarinya ta kwantar da kai a cinyarta, kuma a wannan zaman ake yi mata faɗa da nasihar zaman aure ba tare da kowa ya ji ba. Mai jego ana yi mata kitso kafin ranar suna, mai takaba kuwa tana barin ado har ta cika wata huɗu da kwana goma. Da ka dubi kan mace ka san halin da take ciki. Ki nemi tsofaffin cikin unguwa, ba masu shago ba.

Malamin Tarihi, Rikkos:
Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara girma. Game da tambayar farko, shuku sunan Yarbanci ne, kuma a wurinsu yana cikin jerin kitso irin su patewo da koroba. Kalaba ta ɗauki sunan garin Kalaba ne. Wannan ba abin kunya ba ne, musamman a Jos, garin da haƙar kuza ta tara Hausawa da Yarbawa da Ibo da Barebari wuri ɗaya tare da Birom da Afizere da Anaguta, matansu suna haɗuwa a kasuwa ɗaya suna ganin kawunan juna. Fulani ma suna da nasu, wanda ake sako kitso ta gefen kunnuwa a yi masa ado da duwatsu ko tsabar azurfa, kuma shi ne yanzu ake kwaikwayo har a Amurka. A Barno kuwa an san ƙananan 'yan mata da kitson da ake raba gashi gida uku, wanda ake canzawa idan yarinya ta isa aure.

Ina ba ki shawara ki shiga gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya kafa a 1952, ki dubi kawunan yumɓu na Nok, wata tsohuwar al'umma da ta rayu a tsakiyar Nijeriya. Sun haura shekara 2,000, amma za ki ga an zana musu gashi a tufke, an raba shi tsaf. Haka kuma mai ɗaukar hoto J.D. Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara tattara hotunan kitson matan Nijeriya tun 1968, kuma ana samun su a intanet, don haka za ki iya nuna wa makitsiya samfuri.

Makitsiya, Nasarawa Gwom:
Yaya, ni sana'ata ce, kuma na gada ne daga kakata. Cikakkiyar doka tana bukatar gashi mai cika da tsawo, domin da gashin mutum ake yin ta. Yawancin iyaye a nan ba sa yarda da ƙarin gashi saboda hadisin da ya hana, don haka sai a fara gyaran kan amarya tun yanzu. A daina sa mata man da ke miƙar da gashi, a riƙa wankewa ana shafa man kaɗanya, domin hunturun Jos yana busar da gashi har ya riƙa karyewa.

Roƙona ɗaya shi ne kada a bari a ja mata gaban goshi da ƙarfi. Idan kika ga ƙuraje sun fito a bakin kitso, ko yarinya ta kasa kwanciya saboda zafi, to ya yi tsauri, kuma yawan yin haka yana cinye gashin gaba, wani lokaci ba ya sake fitowa. Idan gashinta bai kai ba, ana iya yi mata ƙaramar doka a tsakiya, a zagaye ta da ƙananan zane.

Uwar Biyu, Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gashinta yana da cika, sai dai bai wuce kafaɗa ba. Malama makitsiya, kwana nawa kafin kamu ya kamata a yi, don kada zafin kitson ya hana ta ɗaura ɗankwali?